Hannun Jarin Kamfanonin Kwamfuta Da Na Intanet: Abin Da Ɗan Kasuwar Lafiya Zai Duba Kafin Ya Zuba Kuɗinsa

LAFIYA: Duk wanda ya bi ta unguwar Bukan Sidi da ke kan hanyar Jos a garin Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa, zai ga yadda harkar waya da kwamfuta ta shiga jinin kasuwanci. Ga masu POS a ƙarƙashin lema, ga masu sayar da kati da data, ga kuma shagunan da ɗalibai ke zuwa buga takardu da yin rajistar jarrabawa. Dillalin riɗi ko na doya kan ji farashin Kano da na Legas daga wayarsa tun kafin a gama ɗora kaya a mota. Ganin haka, ba abin mamaki ba ne idan ɗan kasuwar da ya sami 'yar rarar kuɗi bayan kaka ya fara tunanin cewa, tun da kowa na biyan waɗannan kamfanoni kullum, me zai hana shi ma ya mallaki wani yanki nasu?

Tunanin yana kan hanya. Sai dai tarihin shekaru talatin na kasuwannin hannun jari, a gida da waje, ya nuna cewa yawan masu amfani da haja daban, ribar mai hannun jari kuma daban. Tsakanin biyun akwai farashin da mutum ya saya, da gasar da kamfanin ke fuskanta, da darajar Naira, da kuma hannun gwamnati.

Kasuwa ta zo har gida

A lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, ran 1 ga Oktoban 1996, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Mutumin Lafiya da ke son sayen hannun jari a wancan zamani sai ya nemi dillali a Legas, ko a rassan Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya da ke Kaduna da Kano, ya cika takardu, sa'an nan ya zauna jiran takardar shaida ta gidan waya.

Al'amarin ya canja. A watan Disamban 2021 kamfanin MTN ya fitar da hannayen jari miliyan 575 na reshensa na Nijeriya domin sayar wa jama'a a kan Naira 169 kowanne. Mafi ƙarancin abin da mutum zai saya shi ne guda 20, wato Naira 3,380, kuma ana iya yin cinikin baki ɗaya ta waya. Ƙananan masu zuba jari 126,720 ne suka saya. Har ila yau, manhajoji irin su Bamboo da Chaka da Trove sun buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar sayen hannun jarin kamfanonin Amurka da kuɗi kaɗan. Wahalar isa kasuwa ta kau. Abin da ya rage shi ne sanin abin da ake saye, domin kada a yi cinikin biri a sama.

Darasin shekarar 2000

Zazzaɓin hannun jarin intanet ya soma ne a Amurka a watan Agustan 1995, sa'ad da kamfanin Netscape ya shiga kasuwa a kan dala 28, ya kuma rufe ranar farko a sama da dala 58, alhali bai taɓa nuna ribar shekara ba. Yahoo ya biyo baya a 1996, Amazon kuma a 1997. A watan Disamban 1996, wata biyu bayan kafa Jihar Nasarawa, shugaban Babban Bankin Amurka na lokacin, Alan Greenspan, ya yi gargaɗin cewa ɗokin masu saye yana neman wuce hankali. Ba a saurare shi ba, kuma farashi ya ci gaba da hawa har fiye da shekara uku.

Ma'aunin kasuwar Nasdaq, inda akasarin kamfanonin fasaha suke, ya tashi daga wajen maki 1,000 a 1995 zuwa 5,048 a ran 10 ga Maris na 2000. Daga nan ya juya. Zuwa Oktoban 2002 ya sauko wajen maki 1,114, wato ya yi asarar kimanin kashi 78 cikin ɗari. Sai a shekarar 2015 ya sake taka inda ya baro. Kamfanin Pets.com, mai sayar da abincin dabbobin gida ta intanet, ya shiga kasuwa a Fabrairun 2000 ya rufe a Nuwamban shekarar.

Abin lura a nan shi ne, masu cewa intanet za ta mamaye duniya ba su yi ƙarya ba. Ta mamaye. Kuskurensu yana wajen farashi. Kamfanin Cisco, mai ƙera na'urorin da ke haɗa hanyoyin intanet, ya zama mafi daraja a duniya a Maris na 2000, lokacin da ake sayen hannun jarinsa a kan abin da ya ninka ribarsa ta shekara fiye da sau ɗari. Kamfanin bai mutu ba, cinikinsa ma ya ƙaru, amma wanda ya saya a wancan farashi ya yi jiran fiye da shekara ashirin bai ga kuɗinsa ya dawo ba.

Kowane ɗan kasuwa zai gane wannan lissafi. Shagon da ke kawo ribar Naira miliyan ɗaya a shekara, in aka saye shi miliyan goma, cikin shekara goma ya mayar da uwar kuɗi. In aka saye shi miliyan ɗari, sai dai jikoki su ci, sai fa idan ribar ta ninka kanta sau da yawa. Shagon ɗaya ne, ciniki ɗaya ne, farashin saye ne ya raba mai riba da mai asara.

Masu ƙera kwamfuta: ciniki da yawa, riba kaɗan

Ƙera kwamfuta sana'a ce mai kama da sayar da hatsi. Kayan wannan kamfani da na wancan kusan iri ɗaya ne, domin ƙwaƙwalwar na'urar daga Intel ko AMD ake sayo ta, manhajar kuma daga Microsoft. Mai saye yakan bi wanda ya fi araha. Saboda haka kaso mai tsoka na ribar yana tafiya wajen masu ƙwaƙwalwa da masu manhaja, mai harhaɗawa kuwa ya tashi da ɗan abin da ya rage. Daɗin daɗawa, kwamfutar da ta kwana wata shida a sito darajarta raguwa take yi, ba kamar riɗi ba, wanda mai ajiya ke sa ran farashinsa ya tashi in kaka ta yi nisa.

Wannan ne ya sa manyan sunayen shekarun 1990 suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Hewlett-Packard ya haɗiye Compaq a 2002. IBM, wanda ya fito da kwamfutar tebur da aka yi ta kwaikwayo tun 1981, ya sayar da wannan sashe ga Lenovo na ƙasar Sin a 2005. Acer na Taiwan ya saye Gateway a 2007 a kan dala miliyan 710. Kamfanin Dell ya yi zarra a shekarun 1990 ne saboda ba ya ƙera na'ura sai an yi oda, don haka ba ya tara kaya a sito. Da abokan gasa suka koyi dabarar, kuma wayoyin hannu suka rage cinikin kwamfuta, sai mai kamfanin, Michael Dell, ya fitar da shi daga kasuwar hannun jari a 2013 a cinikin kusan dala biliyan 25, bai mayar da shi ba sai a ƙarshen 2018.

Apple ne ya fita daban. A 1997 yana gab da durƙushewa, har sai da Microsoft ya zuba masa dala miliyan 150. A Agustan 2018 darajarsa ta kai dala tiriliyan ɗaya. Dalili kuwa shi ne yana da manhajarsa ta kansa da ba a samu a na'urar wani, abin da ya ba shi ikon tsayar da farashin da yake so.

A gida Nijeriya ma an gwada. Kamfanin Omatek, wanda Injiniya Florence Seriki ta kafa, yana harhaɗa kwamfutoci a Legas, kuma ya shiga Kasuwar Hannun Jari a 2008. Ya shigo a mummunan lokaci. A ran 5 ga Maris na wannan shekara ma'aunin kasuwar ya kai ƙololuwarsa ta maki 66,371, bayan bankuna sun yi ta ba mutane rance su sayi hannun jari. Cikin shekara guda ma'aunin ya zube da kimanin kashi 70 cikin ɗari. Hannun jarin Omatek ya faɗi zuwa kwabo 50, mafi ƙarancin farashin da dokar kasuwa ta yarda da shi a lokacin, ya kuma daɗe a nan. A 2017, shekarar da Madam Seriki ta rasu, Bankin Masana'antu ya karɓe harabar kamfanin saboda bashin sama da Naira biliyan biyar. Matsalolin da masana'antar ta fuskanta ba ɓoyayyu ba ne: kusan kowane sashe na na'urar da dala ake sayo shi, wutar lantarki sai da janareta, kuma kwamfutocin kwance da ake shigowa da su kasuwar Ikeja sun fi araha. Shi kuwa Zinox na Leo Stan Ekeh, wanda ya soma a 2001 ya kuma samar wa Hukumar Zaɓe na'urorin rajistar masu jefa ƙuri'a, ya rayu ne ba tare da ya sayar wa jama'a hannun jarinsa a kasuwa ba.

Kamfanonin intanet: tsakanin Amazon da Jumia

Kamfanin intanet yakan fara ne da kashe kuɗi fiye da abin da yake samu, da fatan in ya tara jama'a riba za ta biyo baya. Wani lokaci takan biyo. Hannun jarin Amazon ya faɗi daga sama da dala 100 a ƙarshen 1999 zuwa wajen dala shida a 2001. Kamfanin ya nuna ribar cikakkiyar shekara a karo na farko a 2003, kuma waɗanda suka jure suka riƙe sun ga alheri mai yawa. Amma a bayan kowane Amazon akwai ɗaruruwan da ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Yahoo, wanda darajarsa ta haura dala biliyan 100 a farkon 2000, an sayar da ainihin harkarsa ga Verizon a 2017 a kan kimanin dala biliyan huɗu da rabi.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Jumia, kantin intanet da aka kafa a Legas a 2012. Ya shiga kasuwar New York a Afrilun 2019 a kan dala 14.50. Cikin 'yan makonni ya haura dala 40. A Maris na 2020 ya koma ƙasa da dala uku. A Fabrairun 2021 ya haura dala 60, sa'an nan ya sake komawa ƙasa da dala uku a 2023. A duk tsawon wannan hawa da sauka, har zuwa ƙarshen 2024, kamfanin bai rufe shekara ko ɗaya da riba ba. Abin da ke motsa farashin ra'ayin masu saye ne a kan gobe. A ƙasa kuwa, kai kaya ƙofar gida a garuruwan da ba su da cikakken adireshi, da mai saye da kan ƙi karɓar kaya bayan an kawo, da tsadar man mota, su ne ke cinye ribar.

MTN: ciniki ya ƙaru, asara ta biyo

Ga akasarin 'yan Nijeriya, kamfanin wayar salula shi ne kamfanin intanet, domin ta hannunsa suke shiga. MTN ya sayi lasisinsa a gwanjon Janairun 2001 a kan dala miliyan 285. A Oktoban 2015 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ci shi tarar Naira tiriliyan 1.04 saboda rashin rufe layuka miliyan 5.1 da ba a yi wa rajista ba. A 2016 aka rage tarar zuwa Naira biliyan 330, tare da sharaɗin ya shiga kasuwar hannun jari ta gida. Ya shiga a watan Mayun 2019 a kan Naira 90. Airtel Africa ya biyo shi a Yulin shekarar a kan Naira 363.

Abin da ya faru daga baya ya isa darasi. A Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. MTN yana karɓar Naira daga jama'a, amma yawancin hayar turakun sadarwarsa da basussukansa da kayan aikinsa suna rataye ne da dala. Kuɗin shigarsa ya tashi daga Naira tiriliyan 2.47 a 2023 zuwa tiriliyan 3.36 a 2024, kuma kuɗin data ya zarce na kira. Duk da haka ya yi asarar Naira biliyan 137 a 2023, da kuma biliyan 400 a 2024, aka kuma dakatar da rabon riba.

Wanda ya saya a Naira 169 a 2021 ya biya kimanin senti 40 na dalar Amurka a canjin gwamnati na lokacin. A ƙarshen 2024 farashin yana wajen Naira 200, wato kimanin senti 13. A takarda ya ci riba, amma kuɗin ba za su saya masa buhunan takin da za su saya a 2021 ba. Sai da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, Naira kuma ta ɗan natsu, sa'an nan kamfanin ya koma riba, farashin ya haura Naira 400 a cikin shekarar. Wanda ya tsorata ya sayar a 2024 bai ga wannan ba. Kamfani ɗaya, masu waya miliyan 80, amma takardar hukuma guda da canjin kuɗi su ne suka yanke hukunci. A ɗaya ɓangaren, wanda ya riƙe hannun jarin Amurka a wannan tsakani faɗuwar Naira ta ƙara masa, ko da yake gwamnatin Amurka na cire kashi 30 cikin ɗari daga ribar da ake raba wa ɗan Nijeriya, yayin da a gida kashi goma ake cirewa.

Sabuwar guguwa

Tun bayan fitowar manhajar ChatGPT a Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta sake ɗaga hannun jarin fasaha. Kamfanin Nvidia, mai tsara ƙwaƙwalwar na'urorin da wannan fasaha ke bukata, darajarsa ta kai dala tiriliyan ɗaya a Mayun 2023, ta kai huɗu a Yulin 2025, ta taɓa biyar a Oktoban shekarar. Dell ma ya sami sabuwar kasuwa ta manyan na'urorin adana bayanai.

Ra'ayin masu zuba jari ya kasu biyu. Masu kyakkyawan zato suna nuni da cewa manyan kamfanonin wannan karo suna da riba ta zahiri, ba kamar na 1999 ba. Nvidia kaɗai ya ci ribar kusan dala biliyan 73 a shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2025. Masu ɗari-ɗari kuwa suna cewa wannan riba daga aljihun wasu 'yan tsirarun manyan kamfanoni take fitowa, waɗanda ke gina cibiyoyi da ɗaruruwan biliyoyin daloli kafin a tabbatar jama'a za su biya. A Oktoban 2025 Babban Bankin Ingila da Asusun Ba da Lamuni na Duniya duk sun yi gargaɗin cewa farashin na iya faɗuwa kwatsam. An ma ga alama ran 27 ga Janairun 2025, lokacin da labarin wata manhaja mai araha ta kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya zaftare wa Nvidia kusan dala biliyan 600 a yini ɗaya. Kafin nan, a 2022, ma'aunin Nasdaq ya sauka da kashi ɗaya cikin uku sa'ad da Amurka ta ƙara kuɗin ruwa.

Abin da ya kamata a duba

Ɗan kasuwar Lafiya ba ya sayen buhun riɗi sai ya soka ya ga ƙwaya. Hannun jari ma yana da nasa abin sokawa, wato rahoton shekara da doka ta wajabta wa kamfani ya buga. A ciki za a ga ko kamfanin riba yake ci ko alkawari yake sayarwa, da yawan bashinsa da kuma kuɗin ƙasar da aka ci bashin da shi. In aka raba farashin hannun jari da ribar da ta faɗo wa kowane guda, za a san shekarun da kuɗi za su yi kafin su dawo. Ya kamata kuma a tambaya ko kamfanin na da abin da abokin gasa ba zai iya kwaikwayo da sauƙi ba, da kuma ko wata hukuma ce ke tsayar masa da farashi.

Darasin 2008 shi ne kada a saya da kuɗin rance, kada kuma a taɓa jarin da ake juyawa a shago ko kuɗin makarantar yara. Kuɗin da mai shi zai iya mantawa da su shekara biyar ko fiye su ne na wannan kasuwa, kuma a rarraba su tsakanin kamfanoni da sana'o'i dabam-dabam. Ga masu kaffa-kaffa da riba irin ta ruwa, tun 2012 kasuwar Legas take da ma'auni na musamman da ta kafa tare da kamfanin Lotus Capital, wanda ke tace kamfanoni bisa ƙa'idojin Shari'a.

Daga ƙarshe, wajibi ne a bambance hannun jari da damfarar da ke ara sunan intanet. MMM ya rufe asusun jama'a a Disamban 2016, CBEX kuma ya ruguje a Afrilun 2025 da kuɗin dubban mutane. Babu ɗayansu da ya sayar wa kowa yankin wani kamfani. Dokar Zuba Jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma ga masu irin wannan harka, amma ɗauri ba ya mayar da kuɗi. Hannun jari na gaskiya ana sayensa ne ta hannun dillalin da ke da rajista da Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari, SEC, kuma a kasuwar gida yana shiga asusun mai shi a ma'ajiyar CSCS da sunansa. Duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi a wata guda, kallon kitse yake so a yi wa rogo.

Mai POS na Bukan Sidi zai ci gaba da sayen data gobe da jibi, ɗalibi ma zai ci gaba da neman kwamfuta. Wannan ba ya cikin shakka. Ko wani kaso na wannan kuɗi zai dawo aljihun mai hannun jari, ya danganta ne ga kamfanin da ya zaɓa, da farashin da ya biya, da kuma tsawon haƙurinsa.